Rijiyar da Muka Ɓoye a Ƙarƙashin Kara

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Samar da Ruwan Sha na yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka, ina yi maka sannu da ɗawainiya. Na san kujerar da kake kai ba ta da daɗin zama. Ƙauyuka da yawa ke kuka, kowa yana ganin ƙishirwarsa ta fi ta maƙwabcinsa, abin da aka ba ka ka raba kuma bai taɓa isa ba. Allah Ya dafa maka.

Sunana Haruna, an fi sanina da Haruna Mai Yasa. Manomi ne ni a Unguwar Marke, wani ɗan ƙauye da ake ratsewa daga hanyar Minjibir. Da damina ina gona, da rani ina cikin rijiyoyin mutane ina yasa, sana'ar da na gada wurin babana, marigayi Malam Idi. Firamare kaɗai na yi, don haka in ka ga rubutun ya karkace ka yi min uzuri. Sau biyu na zo ofishinku ban same ka ba, an ce kana zagaye, kuma na yarda. Na zaɓi in rubuta a fili ne domin maganar ba tamu ce mu kaɗai ba, kuma akwai abin kunyata a cikinta da na gaji da ɓoyewa.

Ga abin da ya tayar min da hankali, ranka ya daɗe. Sati uku da suka wuce mutanenku sun zo sun shafa jan fenti a jikin wani dutse, taku ashirin daga bakin Rijiyar Marke, suka ce bayan Sallah injin haƙa zai zo ya yi mana rijiyar burtsatse ta biyu a wurin. Rijiyar Marke ita kaɗai ta rage mana. Ina roƙon a dakata, kuma ga dalilaina.

Na ɗaya: igiyoyin babana.

Tun tasowata rijiya biyu muke sha. Akwai Rijiyar Marke a gabashin gari, ruwanta yana da ɗan zartsi a baki amma yana kashe ƙishi. Akwai kuma Rijiyar Malam a bayan masallaci, wadda babana ya haƙa da hannunsa, gaba goma sha ɗaya kafin ya tarar da idon ruwa. Ruwanta garai-garai ne, ga sanyi. Matan ƙauyukan kusa har aikowa suke yi a ɗebo musu in za su dama furar baƙi.

Babana yana da wata al'ada da mutane suka daɗe suna yi masa dariya a kai. Kowace rijiya ya tufka mata igiyarta ta rama, ba ta guga ba, ta awo, da ɗan dutse ɗaure a ƙarshenta. Sau ɗaya a shekara, a ƙarshen bazara, in hadari ya fara haɗowa amma ruwan farko bai sauka ba, sai ya zura igiyar har dutsen ya taɓa ruwa. Sai ya yago ƙyalle daga wata tsohuwar tufa ta gida ya ɗaure daidai inda igiyar ta gogi bakin rijiya, ya naɗe ta ya rataye a rumbu sai baɗi. In ruwa ya yi ƙasa, ƙyallen shekarar ya hau sama. In an samu damina mai albarka, ya sauko. Bai san boko ba, amma ya san kowane ƙyalle da shekararsa: shuɗin nan daga zanen innata ne, shekarar da gero ya ƙone a tsaye, jan nan daga ɗankwalin yayata, shekarar da aka yi ambaliya. Da igiya ta tsufa yakan shimfiɗa ta kusa da sabuwa ya mayar da ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya, ba ya yarda kowa ya taya shi. Da ya rasu na ci gaba, ba don na san amfanin abin ba, sai don kunyar in watsar da abin da ya bari. Ƙyalle arba'in da uku ne a igiyar Rijiyar Malam.

Na biyu: ƙaryar da muka yi.

Shekaru huɗu da suka wuce aka ce sunanmu ya shiga jerin waɗanda ake duba yiwuwar ba su burtsatse, kuma za a turo masu bincike. Murna muka yi, sai kuma tsoro ya biyo baya. Kafin mu, an je wa maƙwabtanmu na arewa. Wani ma'aikaci ya leƙa rijiyarsu da kaka, lokacin da kowace rijiya take cike, ya rubuta cewa suna da ruwa, aka cire sunansu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Muka taru a zauren Mai Unguwa Ado muka yanke shawarar a ɓoye Rijiyar Malam, a bar musu ta Marke su gani, tunda ita ta fi nisa kuma ruwanta ya fi ƙasa.

Ni na yi aikin, tunda ni ne na rijiya. Na gitta itatuwa a bakinta, na shimfiɗa zana, muka jibga dammunan kara a kai. Da ka ga tarin nan, ranka ya daɗe, da ka rantse tun girbi yake wurin. Har kashin awaki muka watsa a gindinsa don ya yi kama da tsohon waje. Aka ce wa mata su cika randuna na kwana uku, kuma kowa ya ja bakinsa ya yi shiru. A lokacin ji muke yi duk ƙasar Kano babu masu wayonmu.

Wadda ta jagoranci masu binciken wata malamar jami'a ce, Malama Falmata, iyayenta mutanen gabas ne amma a Kano aka haife ta. Aikinta sanin ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa. Ta zo da abokan aikinta biyu da wata na'ura mai dogayen wayoyi da turakun ƙarfe da ake kafawa a ƙasa. Mace ce mai ladabi, ta durƙusa ta gaida dattawa, ta shiga gidana ta ci tuwon matata Saude ba tare da ƙyanƙyami ba. Da aka ce mata ni ne mai yasa, ta dube ni ta ce, "Baba, ban da wannan babu wata rijiya a garin nan? Ko tsohuwa ce da aka daina sha, ina so in gani." Daga inda nake tsaye ina hango tarin karan. Na ce, "Babu, Malama." Da yamma, da Saude ta ajiye min abinci ta ce, "Malam, baiwar Allah ta ci tuwonmu, ka dubi idonta ka yi mata ƙarya."

Mu muka yi ƙarya, na'ura ba ta yi ba. A rana ta uku ta nuna ruwa a bayan masallaci, taku goma sha biyar daga tarin karan. Muka riƙa zunguren juna muna danne dariya, wai yau boko ta gano abin da Malam Idi ya gano da diga. Malama ta tara mu ta ce lallai akwai ruwa a wurin, amma ba ta san yawansa ba. Ta ce sai ta dawo da bazara ta sake aunawa, kuma in an haƙa sai an gwada jan ruwan na wasu kwanaki kafin a san irin injin da za a saka. Wallahi a gabana ta faɗa. Amma kunnuwanmu a kan "akwai ruwa" suka tsaya, sauran maganar iska ta ɗauke.

Na uku: abin da ya biyo baya.

Malama ba ta dawo ba. Ɗan kwangila ne ya zo, ya haƙa, ya ɗora tanki, ya jera sola, ya saka babban inji. Ranar buɗewa aka yi kiɗa, aka yanka rago, baƙi na juya baya muka kwashe karanmu. Shekarar farko mun sha daɗi, ba zan ɓoye ba. Famfo yana zuba tun hantsi har la'asar. Wasu suka kafa lambun tumatir, masu buga bulo suka tare a gefe, 'yan garuwa na zuwa daga ƙauyuka uku. Ni kaina na shuka albasa.

A ƙarshen bazarar nan na zura igiya a Rijiyar Malam kamar kullum. Ƙyallen da na ɗaure ya haye duk na babana da fiye da gaba guda, har da na shekarar da gero ya ƙone. Na naɗe igiyata na mayar rumbu, don wa zan gaya wa ana tsakiyar murna? Da shekara ta zagayo, dutsen bai taɓa ruwa ba, taɓo ya taɓa. Na shiga na yi kwana uku ina yasa har diga ta fara tartsatsi a kan dutse. Ko damshin kirki babu. Na zauna a gindin rijiyar da ubana ya haƙa, ina ganin sawun digarsa a bango, na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka binne shi.

Bara burtsatsen ma ya bi sahu. Yanzu da safe yakan ba da ruwa kamar na awa guda, sai ya fara tari, ya tofar da laka, ya yi shiru. Lambuna sun bushe, masu bulo sun ƙara gaba. Garin neman gira muka rasa ido. Gari guda ya koma kan Rijiyar Marke. Saude, da ta yi shekara talatin tana ɗiban ruwa a bayan katangarta, yanzu sai ta bi layi a gabashin gari da gwiwarta mai ciwo. Ba ta taɓa ce min "na gaya maka" ba, kuma shirun nan ya fi zagi zafi.

Na huɗu: zuwana wurin Malama.

Bayan kakar da ta wuce na kai wake kasuwar Dawanau a Kano. Na cusa igiyar Rijiyar Malam a buhu, da na gama ciniki na shiga gari ina tambaya har aka kai ni ofishinta. Na faɗa mata komai, har da kashin awakin. Na zaci za ta kore ni. Sai ta ce in nuna mata igiyar.

A barandar ofishin ta shimfiɗa ta. Ta kira abokan aikinta, suka durƙusa da abin awo suna auna tsakanin ƙyalle da ƙyalle, tana tambayata labarin kowace shekara tana rubutawa. Manyan malamai a durƙushe gaban tsummokaran innata! Da ta gama ta ce, "Baba, wannan igiyar ta fi na'urata. Na'ura ta gaya min akwai ruwa ranar da na zo, ita kuwa ta gaya min halin ruwan na shekara arba'in."

Ta yi min bayani yadda zan gane. Ta ce ƙarƙashin garinmu dutse ne shimfiɗe, ruwan kuma yana kwance ne a ɗan wani kwari na yashi a kansa, kamar ruwa a ƙwarya. Rijiyar babana da burtsatsen a ƙwarya ɗaya suke sha. Damina tana zuba abin da za ta iya kowace shekara. Guga yana ɗiban kaɗan, shi ya sa ƙyallayen suka yi shekaru suna kusa da juna. Babban inji kuwa yana zuƙe fiye da abin da damina ke mayarwa. Ta ce da ta ga rijiyar da igiyar, da famfon hannu za ta ce a saka, ko a matsa can wajen fadama a nemi wani ruwan dabam.

Sai ta ɗauko rahoton da ta miƙa wa kwamitinku ta karanta min da Hausa. A ciki ta rubuta ƙarara cewa kada a saka babban inji sai an gwada, kuma a ba ta hali ta dawo da bazara. Amsar da ta samu ita ce, abin da aka ware na haƙa ne, ba na aune-aune ba. Duk da haka ba ta wanke kanta ba. Ta ce, "Ni ma da nawa laifin. Kwana uku ba ya isa a san ruwan gari, kuma da na zauna da mata da sun gaya min." Na fito daga wurinta kunya ta ishe ni, amma zuciyata ta yi sauƙi.

Na biyar: naku kason.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na faɗi nawa a gaban duniya, don haka ka yi haƙuri in faɗi naku. Ba na zargin kowa da cin komai. Na yarda alheri kuka nufe mu da shi, da wancan burtsatsen da wannan.

Amma ƙa'idarku ta cewa wanda aka ga ruwa a rijiyarsa ba ya samun burtsatse, ita ta koya mana ƙarya. Kada ka zaci mu kaɗai ne. Ina shiga rijiyoyin ƙauyuka da yawa, ina jin abin da ake faɗa a bakinsu. In talaka ya gane cewa gaskiya za ta cire sunansa daga takarda, zai ɓoye rijiya, mai bincike ya rubuta abin da ba haka ba, ku kuma ku yanke hukunci a kan rubutun. Kowa ya yi aikinsa, ruwa ya ƙafe.

Sannan kun ɗauki bincike a matsayin ɓata lokaci. Na fahimci dalili. Tanki ana ganinsa daga titi, ana ɗaukar hotonsa, awo kuwa ba wanda ke yi masa guɗa. Ana matsa muku ku gama kafin damina, mai injin haƙa kuma yana da wasu wuraren. Amma kai ma ɗan manoma ne, ranka ya daɗe. In ruwan farko ya sauka, wane manomin kirki ne ke fita da iri bai tona ƙasa da hannu ya ga inda damshi ya kai ba? Wanda ya yi gaggawa shi ke shuka sau biyu. Ka bi hanyarmu wata rana ka ƙirga tankunan da ke tsaye babu ɗigo a ciki, gani ya kori ji.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda aka shafa jan fentin nan. Mutanenku sun sauko daga mota suka tambaya ina ruwa yake a garin. Mai Unguwa Ado, wanda ya yi nadama kamar ni, ya rantse ba zai sake ɓoye komai ba, ya kai su Rijiyar Marke. Suka leƙa, suka ce madalla, tunda akwai ruwa a nan sai a haƙa a kusa. Ba na'ura, ba awo, ba tambaya. Ko furar da aka dama musu ba su tsaya sha ba. Wancan karon mun yi ƙarya mun rasa rijiya, wannan karon mun faɗi gaskiya, ga shi za mu rasa ɗayar. To, me kuke so talaka ya faɗa?

Ban ce na san abin da ke ƙarƙashin Rijiyar Marke ba. Wataƙila ruwanta ya fi na waccan yawa. Malama ma ta ce ba ta sani ba sai ta auna. Abin da nake cewa ke nan: ba wanda ya sani, kuma ba a caca da rijiyar ƙarshe.

Ga roƙona:

1. A dakatar da injin haƙa, kada ya zo bayan Sallah.

2. A dawo da Malama Falmata, ko wani masani irinta, a ba shi rani guda da damina guda ya auna. Wannan karon ni zan riƙe masa turakun, kuma babu tarin karan da ba za mu ɗaga masa ba.

3. A duba burtsatsen farko. Malama ta ce in an rage ƙarfin injin, aka taƙaita lokacin jan ruwa, mai yiwuwa ƙwaryar ta sake taruwa a hankali. Ba ta yi alkawari ba, amma ko "mai yiwuwa" abin riƙewa ne a wurinmu.

4. A sauya ƙa'idar nan, a daina hukunta gari don an ga ruwa a rijiyarsa. Kuma duk abin da za a ware na haƙa, a ware na bincike tare da shi, a karanta rahoton har ƙarshe kafin a kira ɗan kwangila.

5. A kowane ƙauye akwai mai yasa, akwai matan da suka san ranar da guga ya fara dawowa rabi. A tambaye su, a sa wani ya riƙa auna rijiya duk shekara, a adana a inda wanda zai gaje ka zai tarar.

Mun sake zama a zauren Mai Unguwa, a wurin da muka ƙulla waccan shawarar, kuma bakinmu ya zo ɗaya: mun yarda mu ƙara shekara guda a layi. Na tambayi Saude, tunda ita ke bin layin ba ni ba. Ta ce, "Gwiwata za ta iya shekara guda, Malam. Abin da ba za ta iya ba shi ne zuwa wani gari."

Tare da kwafin wannan wasiƙa na ba direban motar garinmu wani ƙunshi ya ajiye a ofishinka. Igiyar Rijiyar Malam ce. Ka sa a shimfiɗa maka ita, ka dubi ƙyalle arba'in da biyu yadda suka taru kusa da juna, sannan ka dubi na ƙarshe shi kaɗai can sama. Daga tsohuwar rigata na yage shi. Ba sai an dawo min da ita ba, babu ruwan da zan auna da ita. Ɗayar igiyar tana nan rataye a rumbu tana jiran ƙarshen bazara. Don girman Allah, ranka ya daɗe, kada ka sa in aiko maka da ita ita ma.

Allah Ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, Ya haɗa ka da mashawarta na gari, Ya sa ka gama lafiya. Yadda kake ƙoƙarin shayar da bayinSa, Allah Ya shayar da kai da iyayenka ranar da ƙishirwa ta fi ta yau. Mu kuma Allah Ya yafe mana abin da muka yi da hannunmu.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Haruna Mai Yasa,
Unguwar Marke.